BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Laccar da Aka Yi wa 'Yan Kasuwa a Cikin Birnin Kano

Ga laccar da wakilan jam'iyya suka yi a bakin Kasuwar Kurmi bayan sallar La'asar. Mun buga ta duka saboda 'yan'uwa waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Assalamu alaikum, jama'a. Muna gaida dattawanmu da malamanmu, muna gaida iyayenmu mata da ke tsaye can baya. Muna gaida 'yan koli da dukawa, da marinan Ƙofar Mata, da mahauta, da 'yan goro, da maɗinka, da 'yan dako waɗanda suka aje kayan mutane don su saurare mu. Mun san kowannenku ya bar rumfa a buɗe, saboda haka ba za mu tsare ku har Magariba ba.

Abin da ya tara mu yau wata tambaya ce da ake ta yi mana a rumfuna da majalisun unguwa. Ana cewa, idan ɗan Majalisar Dokokin Jiha ya tashi tun zaɓe na da nisa ya ce yana neman kujerar Majalisar Wakilai ta Tarayya, alhali akwai mai ita zaune a kai, shin wannan azarɓaɓi ne ko kuwa daidai ne? Waɗansu na cewa rashin kunya ne, yaro ya tsaya inda Allah ya aje shi. Waɗansu kuma na cewa ai a bar shi ya gwada, in ya faɗi shi ya jiyo. To mu dai ba mu yarda da maganar farko ba, ba mu kuma gamsu da ta biyu ba, gama in ya faɗi ba shi kaɗai ya jiyo ba, har da ku. Bari mu bi maganar daki daki.

KUJERAR NAN TA WA CE?

Da farko ku san girman abin da ake magana a kai. Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da wakilai 40. Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Abuja kuwa tana da 360, a cikinsu Jihar Kano ke da 24, babu jihar da ta fi ta, sai Legas da suka yi kunnen doki. Cikin ganuwar nan tamu an raba ta tsakanin mazaɓun Birni da Dala da Gwale. Kowane wakili shekara huɗu aka ara masa, ranar da suka cika sai ya dawo ya sake roƙo.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da goro da Abuja? To ku tuna. A watan Agusta na 2019 aka rufe kan iyakokin ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamba na 2020, kuma kun san abin da fataken da ke bin hanyar Maigatari da Jibiya zuwa Damagaram da Maraɗi suka gani a tsakanin nan. A farkon 2020 aka ƙara harajin kayan saye daga kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 7 da rabi, kuma sai da dokar ta bi ta hannun majalisun Abuja kafin ta iso rumfarku. A farkon 2023 aka yi canjin kuɗi, mutum na da dukiya a banki amma ba shi da na cefane a aljihu. A ran 29 ga Mayu na wannan shekarar ta 2023 aka ce an janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na dako suka tashi. Duk waɗannan daga Abuja suka fito. Waɗansu majalisa ce ta zartar, waɗansu Gwamnati ce ta yi, amma ko a kan na Gwamnati wakili yana da bakin tashi ya yi tambaya, yana da ikon sa a kira minista ya zo ya yi bayani. Watau kujerar nan bakinku ce a wurin da ake yanka muku hukunci. In wanda ke kanta ya yi shiru, ku aka rufe wa baki.

Don haka kujera ba gadon gidan kowa ba ce. Wanda ya neme ta bai yi rashin kunya ba. Amma nema iri iri ne, kuma muna da labari biyu da za su nuna muku bambanci, ɗaya na gida, ɗaya na ƙetare.

LABARIN MALAM

Na gida shi ne na Malam Aminu Kano, Allah ya ji ƙansa, ɗan unguwar Sudawa, wanda aka haifa a 1920. A ran 8 ga Agusta na 1950 waɗansu samari takwas suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, a nan Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru, da Bello Ijumu, da Mudi Sipikin, da Magaji Dambatta. Malam a lokacin yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, sai ya aje aikin Gwamnati a ƙarshen shekarar nan ya dawo gida, a 1953 kuma aka ba shi shugabancin jam'iyyar.

Yanzu ku ji irin zaɓen da suka tarar. A 1951 talaka ba ya zaɓen wakilinsa kai tsaye. Zaɓe hawa hawa ne: mutanen unguwa su zaɓi waɗansu, waɗannan su taru su zaɓi waɗansu, har a kai matakin lardi inda ake fid da masu tafiya majalisa. Sa'an nan an ba En'e ikon ƙara mutanenta a cikin masu zaɓen. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a cikin birnin nan, amma da aka riƙa tankaɗe ana rairaya, ko mutum ɗaya nata bai kai Kaduna ba. Ku lura da wannan. Talakawa sun ba da ƙuri'a, tsarin zaɓe ya cinye ta a hanya.

A 1954 aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Ikko. Malam ya tsaya, Malam Maitama Sule na NPC, wanda daga baya ya zama Ɗan Masanin Kano, ya kada shi. A 1956 aka yi zaɓen Majalisar Jihar Arewa ta Kaduna. Malam ya sake tsayawa, Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kada shi. Faɗuwa biyu ke nan cikin shekara biyu, a garinsu, a gaban danginsa.

Kuma kada ku zaci faɗuwar kaɗai suka sha. A zamanin nan sai an nemi izni kafin a yi lacca irin wannan da muke yi, kuma mai ba da iznin sau da yawa shi ne wanda za a yi laccar a kansa. 'Yan NEPU da yawa sun kwana gidan yari saboda magana. An ƙara wa waɗansu haraji, waɗansu an hana su rumfa. Ga 'Yan Mahaukata da ke tarwatsa taro da sanduna. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, mace ce, amma an ɗaure ta sau da dama saboda ta ce mata ma mutane ne a sha'anin mulki.

To me Malam da mutanensa suka yi bayan faɗuwar 1956? Ba su naɗe tabarma suka jira zaɓe ya matso ba. Suka ci gaba da kafa rassa unguwa unguwa da ƙauye ƙauye. Suka ci gaba da sayar da katin jam'iyya, tela ya saya, mahauci ya saya, da kwabbansu ake tafiyar da ofis. Suka riƙa bin 'yan'uwansu da aka kama zuwa kotu. Suka kuma dage wajen neman a gyara tsarin zaɓen kansa, a bar kowa ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa a asirce, suka kai wannan magana har tarurrukan tsarin mulki da aka yi a London.

Ran 12 ga Disamba na 1959 aka yi zaɓen tarayya, karo na farko da kowane baligi namiji a Arewa ya jefa ƙuri'a kai tsaye a ɓoye don zaɓen wakilin Ikko. Akwati mai tauraro na NEPU, akwati mai fartanya na NPC. Da aka ƙirga, Malam ya ci Kano ta Gabas. Birnin da NPC ke wakilta tun 1954, sai ga ɗan Sawaba ya tafi Ikko da sunansa. A duk ƙasar NEPU kujera 8 ta samu, NPC ta sami 134, saboda haka ba wai duniya ta juye ba ne rana ɗaya. Amma ƙofar da aka ce ba ta buɗuwa ta buɗe. Daga kafa jam'iyya zuwa wannan rana shekara tara. Daga faɗuwar Malam ta 1954 shekara biyar. Iyayenmu mata kuwa ko a ranar ba su da ƙuri'a, sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan haƙƙi, ga shi yau su ne kan cika layi tun da sassafe.

Ku lura kuma, Malam bai taɓa zama a wata majalisar dokoki ba kafin wannan. Ba shi da albashin wakili, ba shi da motar ofis. Ɗan Majalisar Jiha na yau ya fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba. In ya kasa, ba rashin kaya ba ne.

LABARIN ƘETARE

Na biyu daga Amurka yake, kuma ya yi daidai da tambayarku ƙwarai. Duk kun san Barack Obama, wanda ya shugabanci Amurka daga 2009 zuwa 2017. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, ya taɓa shan kaye irin wanda ake rufe ƙofa a yi shiru.

Tun 1997 Obama ɗan majalisar dattawan jihar Ilinois ne, watau ɗan majalisar jiha. A ƙarshen 1999 ya ce yana neman kujerar majalisar wakilai ta tarayya ta kudancin birnin Shikago. Mai kujerar, Bobby Rush, yana kanta tun 1993, kuma tsohon ɗan gwagwarmayar baƙar fata ne tun zamanin ƙungiyar Black Panther, kowa a unguwannin nan ya san shi. A farkon 1999 Rush ya nemi kujerar magajin garin Shikago ya faɗi ƙasa warwas, sai Obama ya ɗauka mutumin ya yi rauni, lokaci ya yi.

Ashe lissafin bai yi ba. Obama ya fito ne saura wata shida a yi zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsu, kuma yawancin mutanen mazaɓar ko sunansa ba su taɓa ji ba, gama yankin da yake wakilta a majalisar jiha ɗan yanki ne na babbar mazaɓar. Ana cikin haka aka harbe ɗan Rush ya rasu, jama'a suka tausaya wa uban. A watan Disamba kuma aka kira majalisar jiha don ƙuri'a a kan wata doka ta bindigogi, Obama yana Hawayi da iyalinsa, 'yarsa ba lafiya, bai halarta ba, abokan hamayya suka yi ta yayata cewa aikin da ke hannunsa ma bai riƙe ba. Shugaban ƙasa na lokacin, Bill Clinton, ya goyi bayan Rush. Babban abu kuma, Obama bai iya gaya wa mutane laifin da Rush ya yi da za a cire shi ba, sai dai cewa shi sabon jini ne mai ilimi. A watan Maris na 2000 aka yi zaɓe, Rush ya sami wajen kashi 61 cikin 100, Obama kashi 30. Rush ya ci gaba da zama a kujerarsa har 2023.

Obama ya koma majalisar jiha ya kama aiki sosai, ya zagaya jiharsa, ya koyi magana da talaka. A 2004 ya ci kujerar majalisar dattawa ta tarayya, a 2008 ya ci shugabancin ƙasa. Amma darasin da muke so ku ɗauka yana cikin faɗuwar. Mutum mai baki, mai digirin lauya, ya fito a makare, bai san mazaɓar ba, mazaɓar ba ta san shi ba, ba shi da hujja a kan mai kujera. Ilimi bai cece shi ba.

BIRNIN NAN YA SABA SAUKE MANYA

Kada wani ya ce muku mai kujera ba ya faɗuwa a Kano. Marigayi Ghali Umar Na'abba wakilin Birni ne, kuma shi ne Kakakin Majalisar Wakilai ta ƙasa baki ɗaya daga 1999 zuwa 2003, mutum na huɗu a jerin manyan ƙasa. A zaɓen 2003 kujerarsa ta Birni ta suɓuce masa. A shekarar nan ɗin dai Gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso, ya faɗi a hannun Malam Ibrahim Shekarau. Kai, har shi Malam Aminu, a zaɓen 1964 mai cike da rigima, kujerar Kano ta Gabas ta koma hannun Alhaji Mahmud Ɗantata na NPC. Bai mutu da baƙin ciki ba. A 1978 ya kafa PRP mai alamar mabuɗi, a 1979 Abubakar Rimi ya ci Gwamnan Kano a ƙarƙashinta, aka soke haraji da jangali waɗanda NEPU ta yi shekaru tana kuka a kansu. Kujera takan zo takan tafi, abin da ake nema da ita shi ne ba a sakewa.

TAMBAYOYI HUƊU

To yanzu mu komo kan tambayarku. In ɗan Majalisar Jiha ya shigo rumfarka ya ce yana neman Abuja, ko ɗan jam'iyyarmu ne, ka ba shi wurin zama da ruwa, sa'an nan ka yi masa tambaya huɗu.

Ta ɗaya: me ka yi da kujerar da muka riga muka ba ka? Sau nawa ka tashi ka yi magana a zauren majalisa, a kan me? Da ake duba kasafin kuɗin jiha, ka nemi a sa gyaran magudanar Jakara, da makarantar unguwa, da asibiti? Wanda bai riƙe akuya ba, ba a ba shi kiwon saniya. Kuma ka gaya masa, neman Abuja ba zai zama dalilin barin zaman majalisa ba, ka tuna masa da Obama da ƙuri'ar da ta wuce shi.

Ta biyu: mene ne laifin wanda ke kai? Ba zagi muke so ba. Mu ba mu yarda da zagin uban kowa ba, ba mu yarda da ɗaukar makami ba, gama mu aka fara yi wa wannan, mun san ɗacinsa. Hujja muke so: ga ranar da aka yi magana a kan kasuwanci bai tashi ba, ga alkawarin da ya yi bai cika ba, ga watannin da ya yi bai taka mazaɓa ba. In mai nema ba shi da irin wannan, to sha'awar kujera kawai ke damunsa.

Ta uku: ka san mazaɓar? Ka zauna da mutanen Yakasai da Zage da Sharifai, ka ji kukan 'yan Kasuwar Rimi da na Ƙofar Wambai, ko kuwa sai ranar kamfe za ka ratsa da jerin motoci kana ɗaga hannu? Nan ne amfanin fitowa da wuri yake. Da sanyin safiya ake kama fara. Mai kujera yana da suna, yana da kuɗi, yana da manya. Abin da mai nema ke da shi wanda ya fi nasa shi ne lokaci da ƙafa. In ya ɓatar da lokacin, ba shi da komai.

Ta huɗu: wa ke biyan kuɗin tafiyar nan? Ku saurara da kyau, don nan ne ake sayar da ku. In wani attajiri guda ne ya ɗauki nauyinsa, to ranar da ya isa Abuja wakilin attajirin ne. In ku kuka tara masa da ɗari biyar ɗinku da dubunku, kamar yadda iyayenku suka sayi katin NEPU da kwabbansu, to kuna da bakin kiransa ya zo ya yi bayani. Haka kuma wanda ya karɓi taliya da sabulu da atamfa ranar zaɓe, ya sani ya sayar da bakinsa na shekara huɗu da abin da ba zai kai mako guda ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

AIKIN DA KE KANMU

In ya amsa waɗannan huɗu kun gamsu, to saura namu aikin. Kowa ya duba katin zaɓensa tun yau, wanda nasa ya ɓata ko ya sauya unguwa ya tafi ofishin hukumar zaɓe da zarar an buɗe rajista. Yaron da ya cika shekara 18 a kai shi, 'yan mata ma haka. Maigida kada ya hana matarsa fita ranar zaɓe, an sha wuya kafin a samo mata wannan haƙƙi. Kowane layi na kasuwa ya fid da mutum biyu amintattu da za su tsaya a akwati, su tsaya har a ƙirga a gabansu, a rubuta sakamako a takarda, su sa hannu, su karɓi tasu. Abin da aka yi wa iyayenmu a 1951 shi ne an cinye ƙuri'arsu tsakanin unguwa da lardi. Yau ma tsakanin akwati da wurin tattara sakamako ne ƙuri'a ke ɓata, in babu mai gadinta.

Ku zo taron reshe ko da babu abin rabo. Zaɓen fid da gwani ma ku sa ido a kansa, gama in aka naɗa muku ɗan takara a ɗakin otal, ranar babban zaɓe sai dai ku zaɓa tsakanin abin da wasu suka zaɓa muku.

In an yi duk wannan aka faɗi, ba a yi hasara ba. Rassan da aka kafa suna nan, mutanen da aka wayar wa kai suna nan, mai kujera kuma ya san akwai masu kallonsa, ko wannan kaɗai zai sa ya riƙa zuwa gida. Malam ya sha faɗuwa kafin ya ci. Ya rasu ran 17 ga Afrilu na 1983, gidansa na Gwammaja yana nan, wanda ke shakkar maganarmu ya je ya ga irin ɗakin da ya zauna a ciki.

Mun ji ladan ya fara gyaran murya, kuma mun yi alkawari ba za mu kai ku Magariba ba. Gobe da hantsi sakataren reshe zai zauna da littafin rajista, wanda ke son tsayawa a akwati ya je ya ba da sunansa da unguwarsa. Ku watse cikin natsuwa, kada wanda ya tanka wa mai tsokana a hanya. Allah ya ba da kasuwa, Allah ya ji ƙan magabatanmu, Allah ya ba talaka sawaba. Wassalamu alaikum.